Ranar da Na-Kamfani Ya Gwada Jan Babur

A layinmu ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Yayarsa tana ce masa Auta, mu kuma Na-Kamfani, saboda ba ya iya jera magana uku bai ce "lokacin da nake kamfani" ba. Gaskiya ne ya taɓa aiki a kamfanin haɗa babura. Sati uku ya yi, aikinsa hura taya, kuma ranar da aka sallame shi taya goma sha ɗaya ya fasa kafin azahar. Amma in ka ji shi yana zuba a bencin ƙofar shagona, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro fetur.

Ni aski nake yi. Shagona yana manne da na yayarsa, wadda muke ce wa Mai Babura. Daga ɗaya gefen kuma akwai Baba Mai Faci da tulin tsofaffin tayoyinsa. Dukkanmu muna fuskantar shataletale, don haka duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Wata Laraba da hantsi babbar mota ta sauke wa Mai Babura sababbin babura uku, irin na doguwar tafiya: ja, shuɗi, da fari. Manya ne, kowanne da gilashi a gaba, da akwatuna a gefe, da kujera kamar ta falo. Duk abin da matar nan ta tara a shekara goma shi ta zuba a kansu. Ta ma riga ta sami mai saye, wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, yake so ya zaga duniya da matarsa a baya. Ƙarfe huɗu zai zo ya ji ƙarar jan.

Sai aka yi rashin sa'a. Bakaniken shagon, wanda shi ne zai tada injinan ya gwada su, aka kira shi matarsa tana naƙuda. Ya zuba wa baburan mai, ya ɗaura batir, ya yar da sifana ya ruga asibiti. Ita kuma Mai Babura dole ta je karɓo takardu. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙanenta, ta daɗe tana kallonsa.

"Auta, ga tsumma. Ka goge su kawai."

"Yaya, ni za ki ba tsumma? Lokacin da nake..."

"Tsumma, Auta. Kar ka taɓa makulli. Kar ka kalli makulli. In makulli ya yi maka sallama kar ka amsa."

Motarta ba ta gama shan kwana ba na ga makullai uku a hannunsa.

"Wanzam," ya ce da ni, "yau za a bambance bakanike da injiniya. Kafin Yaya ta dawo zan gwada injin nan, in saita shi yadda Turawan da suka ƙera shi za su aiko a tambaye ni sirrin. Gobe za ka ga allo a nan: Cibiyar Gwajin Inji. Kai ma in ka yi biyayya zan riƙa turo maka baƙina su yi aski."

Baba Mai Faci ya ɗago kai daga bahon ruwan da yake duba tub a ciki. "Wa zai riƙa tura su asibiti?"

"Baba, kai iska ka sani. Ka bar mana wuta."

Ya turo jan babur waje, ya kafe shi a kan jak, wato ƙarfen nan na gefe da ake jingina babur a kai, ya haye, ya danna maɓallin tayarwa. Injin ya tashi lumui, a hankali, kamar kyanwa tana munshari. Ni dai ban taɓa jin inji mai daɗin sauti irinsa ba. Na-Kamfani ya ɓata fuska.

"Kun ji? Raɗa yake yi. Inji mai lafiya ba ya raɗa."

Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Mutum biyu da suke jiran aski suka fito kallo.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Yana da mura a ciki. Bari mu ji shi a giya."

Ya ja kuloci, ya taka giya. Ɗif, injin ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake takawa. Ɗif. Sau bakwai yana yi, sau bakwai yana mutuwa. Maimakon ya tsorata sai murna ta kama shi.

"Allah Ya rufa wa Yaya asiri da nake nan! Da bakaniken nan ne, sai ya ce lafiya lau. Kafireta ce. Ba ta ba shi mai daidai. Minti biyar."

Ya kwance murfin gefe, bai ga kafireta ba. Ya cire kujera, babu. Ya ɗage tanki, ya zura kai har wuya, ya fito da baƙi a hanci.

"Innalillahi. Sun manta ba su sa ba."

"Wa ya manta?" na ce.

"Kamfani mana! Haka muke yi in aiki ya yi yawa. Ba komai, in ara ta shuɗin."

Ya kwance shuɗin, babu kafireta. Ya kwance farin, nan ma babu. A lokacin ƙofar shagon ta cika da murafu da notuna da ƙananan robobi, ja da shuɗi da fari duk a haɗe, kamar an zazzage kwandon wasan yara. Ya hau benci ya yi wa jama'a jawabi, don zuwa lokacin an taru.

"Jama'a ku shaida! An cuci yayata. Babur uku, ko ɗaya ba kafireta!"

Wani ɗan acaɓa da ya tsaya kallo ya ce, "Maigida, ai na ji an ce sababbin nan ba sa amfani da ita. Na'ura ce take fesa musu mai."

Na-Kamfani ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai a wane kamfani ka yi aiki?"

"Ban yi ba."

"To ja bakinka ka yi shiru, a bar masu ilimi su yi magana."

Da kafireta ta gagara, sai ya koma kan numfashi. Ya ce injin shaƙewa yake yi, salansar ta yi masa tsawo. Ya kwance ta ya jefar gefe. Ni kuwa na koma ciki na ci gaba da yi wa wani direban babbar mota aski, na ɗora masa inji a ƙeya kenan Na-Kamfani ya tada jan ba salansa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar nan ba. Madubina ya karkace. Hannuna ya tafi da kansa, na buɗe wa direban nan titi tun daga ƙeya har goshi. Motoci uku da ke ajiye suka hau kuka. Mai sayar da tabarau a tsallake ya kwanta a ƙasa ya rufe kai. Baba Mai Faci ya zauna daɓas cikin bahon ruwansa.

"Yauwa!" Na-Kamfani ya ƙwala daga waje. "Yanzu ya fara magana!"

Ya taka giya. Ɗif.

Direban ya kalli kansa a madubi, ya kalle ni. Na ce masa wannan shi ne sabon yayi. Ya ce in ƙarasa kwashe sauran kawai, kuma in nuna masa wanda ya yi ƙarar. Na ce ya yi haƙuri, Allah Yana nan, kuma yamma ba ta yi ba tukuna.

Daga nan Na-Kamfani ya ce man ne ba shi da kyau, kuma shi da harshe yake gane gurɓataccen mai. Ya zura tiyo a tanki ya zuƙa. Ya zuƙa da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. Muka ji ƙwat a maƙogwaronsa. Idanunsa suka kaɗa, ya dafa bango yana tari, hawaye na zuba.

"Yaya man?" in ji Baba, yana matse wandonsa.

"Mai... mai kyau ne," ya ce da wata siririyar murya. "Kar kowa ya kunna ashana."

Saura wuta. Ya zaro fulogi da igiyarsa, ya riƙe ƙarfen da yatsu biyu, ya ce wa Baba ya danna masa maɓallin tayarwa don ya ga tartsatsin.

"Ka tabbata?" in ji Baba.

"Danna, Baba. Ni da wuta mun saba."

Ban taɓa ganin Baba ya yi wa wani aiki da gaggawa irin na ranar ba. Ya danna, kuma bai ɗaga yatsa da wuri ba. Na-Kamfani ya yi wata rawa da ba a koya, takalminsa ɗaya ya tashi ya faɗa kan rumfar mai tabarau, gashin kansa ya miƙe cirko-cirko.

"In ƙara?" in ji Baba.

"Ya isa! Wutar tana da kyau. Na rubuta a ka."

Sai wani ya ce ƙarfe uku da rabi ta yi. A nan ne na fara ganin tsoro a fuskarsa. Ya durƙusa ya hau mayar da kaya hannu baka hannu ƙwarya, duk abin da ya shiga rami to nan ne gidansa. Jan babur ya sami murfi shuɗi a dama, fari a hagu. Farin ya sami madubi uku, shuɗin ko ɗaya. Da ya gama, sai ga ragowar ƙarafa da notuna cike da bokiti.

"Waɗannan fa?" na ce.

"Ƙari ne. Kamfani kan sa su don nauyi."

Ya tura bokitin ƙarƙashin bencina da ƙafa. Sannan ya yanko roba daga tsohuwar tub ta Baba, ya murɗa totur zuwa rabi, ya ɗaure shi tamau. Ya ce da haka injin ba zai sami damar yin kasala ba.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan motar Mai Babura ta tsaya, Hedimasta da matarsa suna biye da ita. Hedimasta dattijo ne mai fara'a, ya zo da sabuwar hular kwano a hammata, ko ledar bai cire ba. Matarsa, wadda kowa yake ce wa Malama, siririya ce mai tabarau, irin mutanen da ba sa shan magani sai sun karanta takardar cikin kwalin.

Mai Babura ta fito ta ga baburanta. Takardun hannunta suka zube.

"Auta. Ina tsumman?"

"Yaya, ki gode Allah. Na gano ciwon da ko Turawa ba su gano ba."

"Ni wanne ne nawa?" Hedimasta ya tambaya. "Na ce ja, amma ina ganin kowanne yana da ja kaɗan."

"Ranka ya daɗe, ba launi ake hawa ba, inji ake hawa. Matso ka gani da idonka. Yanzu zan sa giya, zai mutu. Sau ashirin da uku na gwada."

Malama ta matsa kusa da jan babur ɗin. Ta buɗe akwatin gefe, ta zaro wani ɗan littafi da yake cikin leda tun daga kamfani, ta gyara tabarau ta fara karantawa.

Na-Kamfani ya haye, ya miƙar da babur tsakanin ƙafafunsa, ya tada shi. Da totur a ɗaure kuma ba salansa, kowa ya toshe kunne. Ya ja kuloci, ya juyo yana yi wa jama'a murmushi.

"Ɗana," Malama ta ɗaga murya, yatsanta a kan shafi, "nan an rubuta cewa in jak yana ƙasa, injin zai kashe kansa da zarar an sa giya. Don kare mai tuƙi ne."

"Me kika ce, Mama?"

"Na ce wannan ƙarfen ne!"

Ta sa ƙafa ta shure jak ɗin, ya naɗe. A daidai lokacin Na-Kamfani ya taka giya, ya saki kuloci da hannu biyu a buɗe kamar mai rufa-ido, yana cewa, "Kun gani? Ya mu..."

Bai mutu ba.

Abin da muka gani kawai shi ne ɗaya takalmin nasa a inda yake tsaye. Babur ya tsallake kwata, ya goge rumfar mai tabarau, ya faɗa shataletale. Allah Ya taimake shi ya cafko ƙahon babur ɗin, kuma Allah Ya sa ɗan sandan da ke ba da hannu ya gan shi da wuri, ya tare motoci ta kowace kusurwa, sannan ya haye kan dakalin tsakiya don tsira da ransa. Na-Kamfani ya fara zagaye.

Duk zagaye ɗaya sai ya wuce ta gabanmu, muna da kamar daƙiƙa biyu mu yi magana da shi.

"Taka birki!" in ji Mai Babura.

"Babu!"

Baba ya jawo bokiti daga ƙarƙashin bencina, ya laluba, ya ɗaga wasu ƙarafa biyu sama. Da ya sake zuwa Baba ya ce, "Waɗannan kake nema? Ƙarin kamfani?"

"Ja kuloci!" in ji ɗan acaɓa.

Ya ja. Injin ya kurma ihu kamar zai tarwatse, Na-Kamfani ya firgita ya saki, tayar gaba ta ɗaga sama. Yara suka hau tafi.

"Kashe makulli, Auta!"

"Ba ni da hannu na uku!"

A zagaye na huɗu murfin shuɗi ya faɗo. A na biyar madubi. Baba yana tsincewa yana jerawa a bakin kwata. Direban da na yi wa ƙwal ya dawo ya sami wuri a benci, ya harɗe ƙafa, ya ce wallahi ya yafe.

A zagaye na shida Na-Kamfani ya hango Hedimasta ya riƙe baki, sai ya tuna da mutuncinsa. "Ranka ya daɗe, gwaji ne! Ka lura da yadda yake shan kwana!"

Malama kuwa tana ta buɗa shafi. "Akwai jan maɓalli a hannun dama! Danna da babban yatsa!"

Ya danna wani abu. Rediyo ta kama, wani mutum ya fara karanta hasashen yanayi da ƙarfi.

"Ba wannan ba! Ja!"

Gilashin gaba ya fara hawa yana sauka.

"Ja na ce, ɗana! Kai ba ka san ja ba?"

Ya sake dannawa. Wannan karon ba mu ga komai ya canza ba. Sai a zagaye na tara muka ga yana ɗaga mazaunai, yana zama a gefe ɗaya, yana komawa ɗayan. A na goma ya miƙe tsaye a kan matakai yana ihu.

"Wuta! Kujerar ta kama da wuta!"

Malama ta duba littafi. "Ba wuta ba ce. Abin ɗumama kujera ne, na ƙasashen sanyi. Ka sa shi a lamba ta ƙarshe."

"Ai ya ce shi da wuta sun saba," in ji Baba.

Sai a zagaye na goma sha uku yatsansa ya faɗa kan jan maɓallin. Injin ya yi shiru. Shirun har ya yi mana nauyi a kunne. Babur ya gangaro a hankali, ya fito daga shataletale, ya hau ƙofar shago, ya tsaya cak tsakanin shuɗin da farin kamar an auna. Jama'a suka ɓarke da shewa. Na-Kamfani ya ja dogon numfashi, ya gyara wuyan riga, ya sauko da ƙafafu ba takalmi, ya ɗaga hannu biyu.

"Gwaji ya kammala!"

Ba wanda ya riƙe babur ɗin. Babur ya ɗan yi tunani, sannan ya kwanta kan farin, farin ya kwanta kan allon shagon, allon ya faɗo kan shuɗin. Rediyon tana ta cewa gobe za a yi rana.

Mai Babura ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Ta sunkuya ta cire takalminta ɗaya. Hedimasta ya shiga tsakani yana ba ta haƙuri. Idonta ya ciko, ta ce da Hedimasta, "Baba, ku yafe ni. Na san cinikin nan ya tashi."

"Wa ya ce?" in ji Malama, tana mayar da littafin cikin leda. "Ki sa bakanikenki ya haɗa shi yadda yake a hoto, mu dawo mako mai zuwa. Babur ɗin da ya yi zagaye goma sha uku da wannan a kansa, rabin kayan cikinsa a bokiti, bai tarwatse ba, mu da muke tafiya a hankali sai ya fi mu daɗewa a duniya."

Kwana biyar bakanike ya yi yana rarrabe notuna, lokaci lokaci sai ya ɗaga wani ƙarfe ya kalli sama. Matarsa ta sauka lafiya. Hedimasta ya ɗauki jansa, an ɗan yi masa fenti a gefe. Mai Babura kuma ta kira mai fenti ya ja farin layi a ƙasa, taku goma daga ƙofar shagonta, ta ce duk ranar da Auta ya tsallake shi sai dai a nemo masa wata yayar.

Ranar Asabar, kwana uku bayan gwajin, Na-Kamfani ya shigo shagona in kwantar masa da gashin da wuta ta miƙar. Na nuna masa kujera, ya ce a'a, a tsaye za a yi. Sai da na hau kan akwati kafin in kai ƙeyarsa. Wani baƙo da yake jiran layi, wanda bai san komai ba, ya matsa gefe ya ce, "Malam, ga wuri mana, ka zauna."

Na-Kamfani ya kalli bencin, ya ɗan yamutsa fuska, ya shafa bayan wandonsa a hankali.

"Na gode, ɗan'uwa," ya ce. "Mu masu gwajin manyan injina doka ta hana mu zama sai bayan sati biyu."